Tantanin da Yaya Ya Shanya

Gidanmu na unguwar Pumpumre gidan mahauta ne tun kakanni, kuma ni kaɗai na bar wuƙa. Da na gama firamare aka samo mini aiki a masana'antar matse man auduga ta nan Garwa, wadda mu ma'aikata muke ce wa izin, a can kuma na tsufa ina tsaron inji. Abin da aikin ya koya mini guda ne: kowane makulli da lokacin buɗe shi, wanda ya tsallake na farko ya kama na biyu kuwa ya nemi rai. Da wannan na riƙe iyalina. Ba a sona sosai a gida saboda haka, na kuma sani.

Yayana shi ya gaji gidan. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar yanka ya koma cinikin fatu da ƙiraga, yana saye daga kwata da kasuwannin daji har wajen Rai Buba. Ba ya kirana da sunana, Shef yake ce mini, wato shugaba da Faransanci, don tsokana, tun ranar da ya gan ni da hular izin.

'Yata ta fari sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka daga ni har Yaya Inna muke kiranta. Ita ce ta yi karatu mai nisa a gidan. Ta tafi Ngaundere, daga can ta ƙetare zuwa ƙasar waje, ta dawo da takardar injiniya ta harhaɗa sinadarai. Tun kafin ta sauka wani kamfani a Duwala ya yi mata tayin aiki. Ta ce su jira. Masu binciken da ta yi aiki da su a waje sun ba ta aron wani ƙaramin inji na fitar da mai, bisa sharaɗi ɗaya: ta nuna yana iya aiki yadda ake so cikin zafin Garwa. Za su turo mutane su duba kafin saukar damina. In ya yi, injin ya zauna, ita ma ta zauna ta buɗe wurin aiki a garinsu. In bai yi ba, a ɗaure shi a mayar, ita kuma ta tafi Duwala. Haka ta faɗa mana a tsakar gida, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Ni dai na san abin da nake so. Yaranmu da suka yi karatu duk kudu ta cinye su. Sai a ga hotonsu a waya ranar salla.

Wurin ajiye injin shi ya fara kawo magana. Babu ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti a gidan sai ɗakin fatun Yaya. Inna ta je ta durƙusa ta roƙi rabinsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni.

"Shef, kai ka turo ta?"

"Ita ta turo kanta."

"Ɗakin da Baba ya gina don ƙiraga za a zuba wa ƙarfe. To Inna, mene ne injin naki yake ci?"

"'Ya'yan darbejiya, Baffa."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Wannan da awaki ke takawa a bakin titi? Ka ji, Shef. An kai ta ƙasar Turawa, ta dawo da injin cin shara."

Amma ya ba ta. Ya ja igiya ta raba ɗakin biyu, ya ce ƙafarsa ba za ta ƙetare ta ba, kada kuma ƙarfenta ya ƙetaro masa. Ya cika alkawari wata da watanni.

Ni na zama mai taya ta, don hannuna ya san bututu. Ta yi mini bayanin aikin sau ɗaya, na ce ta sake daga farko, a jere. Ga yadda na riƙe shi.

Da farko a bushe 'ya'yan darbejiya, a ɓare, a niƙa, a cika wata tukunyar ƙarfe mai kaurin gaske a ɗaure bakinta. Sannan a kawo iska, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Tana zuwa ne cikin dogayen tulunan ƙarfe daga kudu, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can mota. Injin sanyi ya sanyaya ta ta zama ruwa, famfo ya matse ta matsi mai tsanani, sannan a ɗumama ta. In matsi da zafi suka wuce wata iyaka, sai ta shiga wani hali da ba a ce masa ruwa ba, ba a kuma ce masa iska ba. Tana ratsa garin darbejiya kamar iska, tana narkar da mai kamar ruwa, ta ɗauko shi ta fito da shi. A izin da wani sinadari mai warin fetur muke jawo mai daga auduga, sai an dafa an sake dafawa kafin warin ya fita. Wannan iskar ba ta barin komai a cikin man, ba ta kuma ƙona maganin da ke cikinsa, wanda ƙwari ke gudu.

"Iyakar zafin kaɗan ta wuce digiri talatin," in ji ta. "A nan Garwa, Baba, rana ta gama mana rabin aikin tun iskar na cikin tulu."

Na ce to ai alheri ne.

Ta ce a nan matsalar take. Yadda aka saba, in ana so man ya rabu da iskar sai a saki matsin gaba ɗaya, man ya zube ƙasa, iskar ta koma iska zalla. Daga nan sai an sake sanyaya ta, an sake matse ta daga tushe. A ƙasar sanyi wannan da sauƙi. A Garwa injin sanyi zai yi ta fama da rana har ya gaji, wuta kuma ta ƙare a banza. Abin da ta zo gwadawa shi ne a tare hanyar iskar da tantani. Iska ta ratsa shi ta wuce, mai ya tsaya a baya, matsin kuma kaɗan zai sauka, ƙaramin famfo ya isa ya mayar da ita cikin tukunya. Duk injin nan, da nauyinsa da ƙararsa, tantanin aka zo gani.

Ta nuna mini shi. Fari ne, faɗinsa kamar faifai, masana'anta ce ta yi shi. Bayansa kamar takarda mai kauri, fuskarsa kuwa sumul, da ɗan santsi. Ta ce wannan santsin shi ne mai aikin, bai kai ɓawon albasa kauri ba, sauran duk abin da ke tallafe da shi ne. Ɗaya yana cikin inji. Uku na ajiya suna cikin leda a rufe, tsundum cikin wani ruwa mai ɗan warin tsami, a cikin firigo, wato firij. Ba a barinsu su bushe. In za a sa sabo, sai an bi da shi daki-daki: daga ruwan ajiya zuwa ruwa mai ɗan alkol, wato sinadarin barasa, daga nan zuwa mai alkol da yawa, daga nan zuwa alkol tsantsa, sannan a shigar da shi a ƙara masa matsi sannu-sannu. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai. Na ce mata wanda ya tsara wannan mutumin kirki ne.

Ta gargaɗi matan gida, ta gargaɗi yara, kada kowa ya taɓa ledar. Yaya ba a gaya masa ba. A gidanmu ba a taɓa jin 'ya ta ce wa baffanta kada ka taɓa kaza a cikin gidansa ba, ni ma ƙani ne. Kuma ga igiya.

Ranar da man farko ya ɗigo cikin kwalba ina tsaye. Ruwan zinariya ne, garau, ba baƙin nan mai ƙauri da ake sayarwa a kasuwa ba. Allurar agogon matsi na gaban tantani da ta bayansa sun tsaya kusa da juna, kamar yadda ta ce za su yi. Inna ta zauna a kan bulo ta rufe fuska da gefen mayafi. Na ce ta tashi, ba a zama inji na tafiya. Ta tashi.

Mun yi aiki haka tsawon rani. Asuba in share, in duba mahaɗan bututu da ruwan sabulu ko akwai yoyo, ita ta auna gari. In an ɗauke wuta mu rufe makullai a jere mu sauke matsin a hankali, don ta ce in ya sauka farat ɗaya iskar da ta shige jikin tantani za ta kumbura shi ta fasa. Yaya yana can bayan igiyarsa yana juya fatu yana jefo magana.

"Inna, yau kofi nawa saniyar ƙarfen ta ba ki?"

"Rabin kwalba, Baffa."

"Rabin kwalba. Akuyar maƙwabta ta fi ta."

A cikin wannan ranin ƙwaro ya shiga ƙiragansa. Irin baƙin nan ne mai cin fata ta wajen gashi, ya bar ta da huji kamar rariya. Maganin da ya saba saye ya daina kashe su. Inna ta dama man darbejiya da ruwan sabulu a bokiti ta ajiye daidai ƙarƙashin igiya, ta gefenmu. Bokitin ya kwana biyu a nan. Wata safiya muka tarar da shi wanke, a kife. Bayan ɗan lokaci ƙwaron ya ragu har ya ɓace.

Bai yi godiya ba, ba halinsa ba ne. Sai dai ya fara aiko mata da tsire da rana, kuma na ji shi a ƙofar masallaci yana ce wa abokan cinikinsa, cikin Fulatanci, wai 'yarsa tana da injin da babu irinsa daga nan har Marwa. Da ya gan ni sai ya sauya magana.

Bazara ta shigo da zafin da ke sa kwalta laushi. Baƙin da za su duba injin sun aiko cewa suna tafe. Ana haka wutar lantarki, wadda a nan muke ce wa kuran, ta ɗauke ana tsakar aiki, kuma a daidai lokacin wani mahaɗi ya saki, matsin ya zube kafin mu kai hannu. Da muka buɗe, tantanin ciki ya yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya ƙona. Inna ta dube shi ta ce ba komai, don irin wannan ranar aka ajiye ukun.

Wutar ba ta dawo ba ranar, ba ta dawo washegari ba. An ce wani abu ne ya ƙone a babban layi. Firigo ya zama akwati mai ɗumi. Inna ta ɗauki ledar ta saka cikin randar da ke kusurwar ɗakin fatu, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan, ta rufe da faifai. Randar ta gefen Yaya take. A cikinta yake ɗiban ruwan wanke hannu.

Muna bukatar sabbin 'ya'yan darbejiya don gwajin baƙi, masu tara mana kuwa matan ƙauyukan duwatsu ne da ke kawowa kasuwar Figil. Tun da ba wuta, muka ce mu je mu ɗauko, in mun dawo ta fara bin tantani da alkol. Buhunan ba su cika ba a ranar, dole muka kwana, muka dawo washegari bayan azahar, fuskokinmu sun yi fari fat da ƙurar masana'antar simintin garin.

Yaya yana zaune a ƙofar ɗakin fatu, ya sa riga mai kyau. Tun daga nesa na ga yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Sannunku da hanya. Inna, zo ki gani. Shef, kai ma zo ka koyi aiki."

Muka bi shi. Ya ɗaga igiyar da hannunsa ya ce mu wuce.

A bangon gabas, inda iska ke shigowa ta taga rana kuma ba ta kaiwa, ya kafa ƙaramin katako mai kusurwa huɗu, irin wanda ake ɗaure fatar akuya ta fitarwa waje. A jikinsa tantanin nan uku ne. Ya huda gefunansu da basilla, huji a jere, tazararsu ɗaya, ya zura zaren auduga ya ja kowanne ya miƙe ɗam. Sun bushe ƙarau. Tun da nake ban taɓa ganin shanya mai kyau irin wannan ba.

"Na zo ɗiban ruwa na ji wari," in ji shi. "Na buɗe, na ce wa ya yi wannan aika-aika? Fata cikin ruwa, cikin leda, a wannan zafin? Har ta fara yauƙi. Da kun ƙara kwana da tsutsa za ku tarar. Na wanke su tas, na kankare yauƙin da bayan wuƙa, a hankali, ko ƙwarzane babu. Ban sa su a rana ba, kada ki ji tsoro, rana tana ƙona fata mai laushi. Inuwa na ba su."

Na dubi Inna. Ta matsa kusa, ta ɗora yatsa a fuskar na tsakiya ta shafa. Santsin babu. Ta shafa na biyu, ta shafa na uku.

"Ai na san ba ta dabba ba ce," Yaya ya ci gaba. "Ta Turawa ce. Amma fata fata ce. Su sun san ƙerawa, ajiya kuwa sai mu. A makarantar taku ba a koya muku wannan ba ko?"

Na buɗe baki. Inna ta riga ni. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ba a koya mana ba, Baffa. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

"Amin, amin. Tashi, Inna. Uwata ce ke, in ban yi miki ba wa zan yi wa?"

Ya fita yana gyara hula. Muka ji shi a tsakar gida yana ba matan labari.

Na ce, "Zan gaya masa."

"A'a, Baba."

"Ya ɓata, dole ya san ya ɓata. A izin in mutum ya yi kuskure a gabansa ake faɗa, don kada ya sake."

"Me zai sake? Babu na huɗu."

"Gaskiya dai a faɗe ta."

"In an faɗa santsin zai dawo?" Ta juyo ta dube ni, idonta a bushe. "Tun da na kawo injin nan yau ne ya ɗaga igiyar. Ka bar masa."

Ban saba 'yata ta ba ni umarni ba. Amma ban fita na same shi ba.

Wuta ta dawo. Inna ta yi waya da mutanenta na waje ta nemi a aiko wasu. Suka ce sai an yi oda, sai an bi ta kwastan a Duwala, ba za su iso ba sai damina ta yi nisa, masu zuwa dubawa kuma an riga an tsayar da tafiyarsu, aron injin ma wa'adinsa ya zo ƙarshe. Ta nemi a Yawunde, ta nemi a Ngaundere. Wani ya ce yana da irin na tace ruwan sha, aka aiko, bai jure matsin ba.

Duk da haka ta gwada na Yaya. Ta kwance ɗaya daga katakon, ta yanke gefen da ke da huji, ta jiƙa shi, ta bi da shi matakan alkol ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba, kamar mai wanke gawa. Muka ɗaura. Na buɗe makullai a jere. Allurar gaba da ta baya suka hau tare suka tsaya wuri guda, babu ko tazarar gashi a tsakaninsu, alamar babu abin da ke tare hanya. Can sai mai ya ɓullo a ƙaramin gilashin bututun baya, inda iska kaɗai ya kamata ta bi. Muka tsaya muna kallonsa yana wucewa.

Yaya ya leƙo. "Yaya fatar tawa, tana aiki?"

"Tana ciki, Baffa."

"Madalla."

Baƙin su biyu ne, wani Bature mai furfura da wata mata 'yar kudu. Yaya ya yanka musu rago. Suka ci suka yaba, suka shiga ɗakin fatu suna toshe hanci a fakaice. Inna ta tayar da injin yadda aka saba a ko'ina, ba tantani, tana sakin matsi mai na zuba. Man ya fito da kyau. Amma kafin rana ta take tsaka injin sanyi ya fara kuka, ya yi zafi ya tsaya, famfo ya shiga bugun iska. Ta nuna musu sakamakon watannin rani, lokacin da tantanin farko ke aiki. Suka ce yana da kyau, sai dai abin da aka turo su gani shi ne bazara, kuma da idonsu.

Faransancina na izin ne, amma na ji abin da matar ta tambaya: ina na ajiyar? Inna ta ce sun lalace a wurin ajiya, kuma ajiyar a hannunta take. Ba ta ambaci Yaya ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ba ya jin Faransanci. Ya taɓo ni.

"Shef, me suke cewa?"

"Suna maganar wuta."

"Kuran ɗin nan dai. Ka gaya musu ba laifin yarinya ba ne."

Baturen ya ga katakon a bango da sauran biyun a jiki. Ya matsa ya duba zaren da hujin, ya daɗe. Ya juyo ya dubi Inna, ya dubi Yaya da ke masa murmushi yana nuna ƙirjinsa. Sannan ya miƙa wa Yaya hannu suka gaisa.

Ni na kwance injin. Na bi jerin da muka bi wajen haɗawa, daga ƙarshe zuwa farko, kowace ƙusa na sa ta a ledarta. Kafinta ya zo ya buga akwatin. Ranar da motar ta zo ɗauka hadarin farko ya haɗu ta gabas, iska na kaɗa darbejiyar ƙofar gida, 'ya'yanta na zuba a kan akwatin.

Inna ta bi bayansa ba da jimawa ba. A tasha uwarta ta yi ta kuka. Yaya ya kawo ƙullin kilishi ya danƙa mata, ya ce ta gaya wa mutanen Duwala aronta aka ba su. Ni na ce ta riƙe salla, ta riƙa zuwa aiki kafin lokaci. Da za ta hau mota ta matso ta ce a hankali, "Baba, ka yi mini alkawari, kada Baffa ya sani." Na ce na ji.

Yanzu tana wani kamfanin sabulu, tana duba ingancin kaya. Ta yi aure a can, ta haihu. Takan kira ranar Juma'a. Na taɓa tambayarta ko akwai wani labari game da injin, ta ce an kai shi wata ƙasa, ta tambayi lafiyar ƙafata. Ban sake tayar da zancen ba. Matan Figil sun aiko sau da dama suna tambaya ko za a ci gaba da saye, daga baya suka daina aikowa. Man da ya rage a kwalabe Yaya ya ƙarar da shi a kan ƙiragansa, ƙwaron kuma ya dawo.

Rabin ɗakin yana nan babu komai. Na ce wa Yaya ya mayar da fatunsa, ya ƙi. Igiyar ma bai kwance ba, ya ce wurin Inna ne. Ramukan ƙusoshin da suka riƙe injin suna nan a daɓe, ina share su in na shiga.

Tantanin biyu da suka rage ya sauke su daga katako, ya shafe su da man shanu don kada su tsage, ya naɗe cikin farin ƙyalle ya sa a adakar da yake ajiye rigunan salla. In bazara ta yi yakan fito da su ya sha musu iska a inuwa. Idonsa ya yi rauni yanzu, da yatsa yake dubawa. Bana ma ya kira ni na zauna kusa da shi yana shafawa.

"Ka taɓa ka ji, Shef. Kamar jiya na shanya su."

Na taɓa.

"In an gyara kuran ɗin nan Inna za ta dawo. Injin ne mai wuya, Turawa za su sake ba ta. Fata dai tana nan, ba sai ta saya ba. Ka gaya mata in ta kira."

Na ce zan gaya mata.

Ya naɗe su, kusurwa a kan kusurwa, ya miƙo mini in mayar adaka, don shi ba ya iya sunkuyawa. Na mayar na rufe.